A kare wanda ake tuhuma a gaban alƙali, ba a zauren surukai ba

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, yayan wani maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu da ke gefen Abuja, ya ce yana neman alfarma. Ƙanensa, wanda ke sayar da katako a Dei-Dei, ya kwana biyu bayan kanta saboda ya doki matarsa har hannunta ya karye, ƙanwarta kuma ta kai ƙara wurin 'yan sanda.

"Malam," in ji shi, "so muke ka shiga cikin dattawan da za su je wurin mahaifinta gobe, a ba shi haƙuri, a kashe maganar nan. Abin gida ne, bai kamata ya kai ga hukuma ba."

Na tambaye shi ko sun nemi lauya. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce lauya na me, ai su ba kotu suke so a je ba.

Wannan amsa ita ta hana ni barci a daren, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Dangin mutumin nan sun yi kwana biyu suna zirga-zirga, sun tara kuɗin mota da na goro, sun jera sunayen dattawa, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san cewa tsarin mulki na 1999 ya wajabta a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tsakanin kilomita 40 daga inda ake tsare da shi. Sun yi watsi da kariyar da doka ta ba ɗan'uwansu, sun bi wata kariyar da doka ba ta san da ita ba, wato matsa wa matar da aka karya ta yi shiru.

Ra'ayina shi ne duk wanda aka tuhuma da cin zarafin iyalinsa, namiji ne ko mace, yana da cikakken haƙƙin ya kare kansa, kuma ya kamata 'yan'uwansa su taimake shi ya yi hakan. Sai dai wurin kare kai gaban alƙali ne, da lauya da hujja. Abin da muke yi a zauren surukai da sunan kare ɗanmu ba kariya ba ce, ƙarin zalunci ne ga wadda aka cuta, kuma sau da yawa ƙarin haɗari ne ga shi kansa wanda muke cewa muna taimako.

Wanda ake tuhuma ma mutum ne

Zan fara da waɗanda za su ce mutumin da ya karya hannun matarsa bai cancanci a yi masa maganar haƙƙi ba. Na fahimci zafin da ke sa su faɗi haka, amma ban yarda da su ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ana ɗaukar duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi ta yadda babu sauran kokwanto mai ma'ana. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tun muna makarantar zaure muka ji cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta.

Ana yin ƙazafi a cikin rigimar aure, musamman idan an zo rabuwa ana jayayya kan 'ya'ya ko kayan ɗaki, kuma duk wanda ya zauna cikin mutane ya san haka. Ita kanta dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta san da wannan, shi ya sa sashenta na 8 ya tanadi tarar naira 200,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba ga wanda ya shirya ƙarya da gangan don a binciki wani ko a gurfanar da shi. Haka kuma dokar ba ta ce miji kaɗai ake kamawa ba. Matar da ta watsa wa mijinta ruwan zafi ko ta rotsa masa kai da taɓarya, ita ma dokar nan ce za ta hau kanta.

To, me ya kamata dangin maƙwabcin namu su sani tun daren farko? Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba shi damar ya ba da bayaninsa a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa idan ba shi da halin ɗaukar lauya, ko wani da ya amince da shi. Idan ba ya jin Turanci, dole a samo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Mutanenmu da yawa a nan suke faɗawa rami, su dangwala yatsa a kan takardar da ba su san abin da ke cikinta ba, sai an je kotu a karanto musu ita su riƙe baki. Dokar ta kuma hana a kama uba ko wa ko ƙane a madadin wanda ake nema.

Idan kuwa mutum bai aikata ba, hanyoyin da zai bi sanannu ne. In ba ya gida a lokacin da aka ce abin ya faru, ya faɗi inda yake da waɗanda suke tare da shi tun a ofishin 'yan sanda, domin su bincika, kada ya ɓoye sai ranar shari'a ya fito da shi, don a lokacin alƙali zai yi masa kallon abin da aka ƙirƙira daga baya. Lauyansa zai duba takardar likita ya ga ko ranar da ke jikinta da irin raunin sun dace da labarin da aka bayar, zai yi wa shaidu tambayoyi, zai gabatar da saƙonnin waya idan akwai. Wannan ita ce kariya ta halal, kuma babu abin kunya a cikinta.

"Ai matata ce"

Matsalar ita ce mafi yawan waɗanda na gani ba musanta dukan suke yi ba. Abin da suke musantawa shi ne cewa dukan laifi ne.

Akwai dalilin da ya sa wannan tunani ya daɗe. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki tun 1960 kuma har yau ake amfani da shi a Abuja, yana da sashe na 55 da ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa idan al'adarsu ta yarda da hakan, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Na sha jin masu ɗan sanin doka suna jawo wannan sashe a majalisa kamar laya. Abu biyu suke mantawa. Na farko, ko a ƙarƙashin wancan sashe, karaya da fasa ido da zubar da haƙori duk mummunan rauni ne, ba su shiga cikin rangwamen ba. Na biyu, dokar VAPP da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta bayyana cewa tanade-tanadenta ne ke gaba idan suka ci karo da na tsofaffin kundaye a kan laifi iri ɗaya, kuma sashenta na 19 ya mai da dukan miji ko mata laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Wanda ya shiga Babbar Kotun Birnin Tarayya yana taƙama da "ai matata ce", ya amsa laifinsa ne da bakinsa.

Wasu za su koma ga addini. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma na san abin da Nana A'isha ta shaida, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Na kuma san cewa malaman da suka yi bayani a kan aya ta 34 ta Suratun Nisa'i sun gindaya sharaɗin kada a ji rauni, kada a taɓa fuska, kada a karya ƙashi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, alƙali yana da ikon raba aure idan mace ta tabbatar da cutarwa. Ban ga ta inda hannun da aka ɗaure da filasta zai samu mafaka a cikin wannan ba.

"Ita ta tsokane ni"

Wannan ita ce hujjar da yayan maƙwabcin namu ya fi nanatawa, har da karin maganar cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Matar tana da baki, in ji shi, ta zagi uwar mijin.

Mai yiwuwa haka ne. Zagin uwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Bahaushe, kuma ba na wanke ta idan ta yi. Amma doka ta bambanta tsokana da kare rai. Kare rai shi ne wani ya taso maka da wuƙa ko taɓarya, ka yi abin da zai tsare ka, ba tare da ka wuce gwargwadon abin da ake buƙata ba. Idan ta jefar da abin da ke hannunta ta ruga ɗaki, ka bi ta ka ɓalle ƙofa, ka fita daga kare kai ka shiga ramuwa. Ita kuwa tsokana, iyakar abin da take yi shi ne ta sa alƙali ya sassauta, ko kuma a shari'ar kisa ta sauko da laifin daga wanda hukuncinsa kisa ne zuwa wanda hukuncinsa ɗauri ne, shi ma sai an cika sharuɗɗa masu tsauri. Ba ta mai da mai laifi marar laifi.

Sulhu fa?

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne ni ma na daɗe ina kai da komo. Alƙur'ani ya ce sulhu alheri ne, ya kuma yi umarni a tashi mai sasantawa daga danginsa da mai sasantawa daga danginta idan an ji tsoron ɓaraka. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Sannan akwai tambayar da ba ta da daɗin amsawa: idan aka kai mutumin nan gidan yarin Kuje, wa zai ciyar da 'ya'yansa uku, wa zai biya kuɗin haya da na makaranta? Mata da yawa da kansu suke komawa su roƙi a saki mijin, ba don sun yafe ba, sai don tukunya ta kwana biyu ba ta hau wuta ba. Wanda ya yi kamar wannan matsala ba ta nan, bai san rayuwar talaka ba.

Saboda haka na bi dattawan washegari, don in ji da kunnena. Mahaifin matar tsohon direba ne, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya saurari liman har ya gama. Sannan ya aika aka kira ta. Ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, hannun dama a filasta tun daga yatsu har gwiwar hannu, an rataye shi a wuya da gefen mayafi, ɗan ƙaraminta na riƙe da zanenta. Ba ta ɗaga kai ba har muka tashi.

"Allah ya gafarta Malam," in ji tsohon, "wannan karo na uku ke nan. Na farko ni da kaina na mayar da ita, na ce ta yi haƙuri. Na biyu ku kuka zo nan, a kan tabarmar nan, ya yi rantsuwa. Yanzu me zan ce mata? In jira sai an kawo mini ita a makara?"

Babu wanda ya amsa. Abin da na lura da shi, wanda ya fi komai damuna, shi ne a cikinmu mu bakwai babu wanda ya tambaye ta yaya hannun, balle a tambaye ta me take so. An zo neman yafiyarta ne, amma da mahaifinta kaɗai ake magana.

Sulhun da Alƙur'ani ya yaba yana da ɓangare biyu, kowanne da wakilinsa da bakinsa. Abin da muke yi mu kuwa shi ne mu tara rawuna a kan tsoho ɗaya har kunya ta sa ya ce ya bari, a mayar da yarinya ɗakin da aka karya ta ba tare da wani sharaɗi ba. Idan an sake, mu ce ƙaddara. Mutanen Abuja ba su manta da mawaƙiyar cocin nan Osinachi Nwachukwu ba, wadda ta rasu a watan Afrilun 2022, sai bayan rasuwarta makusantanta suka fito suna ba da labarin abin da ta daɗe tana haɗiyewa, kuma a Afrilun 2025 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Ba su kuma manta da Maryam Sanda ba, wadda ita ma kotun ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 kan mutuwar mijinta a Nuwamban 2017. Gida biyu, addini biyu, a ɗaya matar ce ta mutu, a ɗaya mijin. Rufin asirin da muke wa rigimar aure ba ya kare ko wanda ke dukan, domin ranar da hannu ya zarce, tuhumar da za ta hau kansa ba ta shekara 3 ba ce.

Akwai kuma abin da masu zuwa biko irin wannan ba su sani ba. Da zarar magana ta zama shari'ar laifi, ba ta matar ba ce ita kaɗai, ta hukuma ce. Tana iya cewa ta janye, amma sai kotu ta gamsu, kuma Dokar Shaida ta ba da damar a kira miji ko mata su ba da shaida a kan juna idan tuhumar ta duka ce. Wanda ya yi mata barazana da saki ko da ƙwace 'ya'ya don ta canza magana, ko ya ɓoye takardar asibiti, ya buɗe wa kansa sabon shafi, domin razanarwa da kawo cikas ga bincike kowanne laifi ne mai zaman kansa a dokar VAPP. Wato dangin da suka zo ceto suna iya ƙarewa su ma a bayan kanta.

Ba ina cewa a rufe ƙofar sulhu ba ne. Cewa nake a yi shi inda yake da haƙora. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta yarda wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa bisa yarjejeniya da mai gabatar da ƙara don a sassauta masa, ana kuma jin ta bakin wanda aka cuta, kuma kotu tana iya umartar a biya diyya. Mutumin da ya san ya aikata, wannan ita ce hanyar da ta fi masa: ya amsa, ya biya kuɗin asibiti, ya karɓi sharuɗɗan da aka rubuta a gaban alƙali. In matar ta zaɓi ta koma, ta koma da takarda a hannu. In ta zaɓi rabuwa, kotunan yanki suna nan.

Abin da ke biyo bayan tuhuma

Mutane suna jin tarar naira 200,000 su yi murmushi, kuma da gaskiyarsu, don kuɗin da ya yi nauyi a 2015 yau ba ya sayen sabon babur. Ni ma ina ganin ya kamata majalisa ta sake duba waɗannan alƙaluma. Amma tarar ita ce mafi sauƙin abin da ke jiran mutum.

Tuhuma ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Wanda ya doki matarsa, ya watso mata kaya waje da dare, sannan ya daina aiko da cefane, yana ganin abu ɗaya ya yi, alhali a takardar tuhuma uku ne ko huɗu. Ji wa mutum rauni da gangan yana iya kai wa ɗaurin shekara 5. Korar mata ko miji daga gida da ƙarfi, shekara 2 ko tarar naira 300,000. Yin watsi da iyali babu ci babu sha, shekara 3 ko naira 500,000. Watsa wa mutum asid ko wani abu mai ƙuna kuwa ɗaurin rai da rai ne, babu zaɓin tara. Hukumar hana fataucin mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, ita ce doka ta ɗora wa kula da aiwatar da dokar VAPP a Abuja, kuma mazauna Mararaba da Suleja su sani cewa su a ƙarƙashin dokokin jihohinsu suke, ko da a Wuse suke neman abinci.

Tun kafin a yanke hukunci, kotu tana iya ba da umarnin kariya, ta hana mutum kusantar matar, ko zuwa wurin aikinta, ko shiga gidan da suke zaune tare, ko da shi ya biya hayar. Umarnin yana aiki a ko'ina cikin Nijeriya, kuma karya shi laifi ne da za a iya kama mutum a kansa. Nan ne masu zafin kai suke ƙara dulmuya kansu, mutum ya samu beli da safe, da yamma ya tafi gidan surukai yana buga ƙofa wai zai ga 'ya'yansa. Ma'aikacin gwamnati ana iya dakatar da shi daga aiki yayin da shari'a ke gudana, in an same shi da laifi kuma aikin yana iya tafiya gaba ɗaya. Ɗan kasuwa mai neman bizar wata ƙasa zai tarar da tambayar ko an taɓa samunsa da laifi. Ranar da aka zo maganar riƙon 'ya'ya, wannan hukunci yana kan teburin alƙali. Ga kuɗin lauya, ga ranakun da shago zai kwana a rufe saboda ɗage zama.

Da muka fito daga zauren tsohon, yayan maƙwabcin namu ya biyo ni har bakin titi, ya ce, "To Malam, yanzu yaya za mu yi?" Na ce masa kuɗin da suka tara don dattawa su kai wa lauya, in bai isa ba su je hukumar ba da tallafin shari'a, kuma kada ƙanen nasa ya kira matar ko ya aika mata kowa. Na ce ya faɗa wa lauyan gaskiya duka, har da karo na farko da na biyu. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko kuɗin asibitin ma su za su biya. Na ce da ni ne, da shi zan fara.

An ba da belinsa kwana biyu bayan haka, yayan ne ya tsaya masa. Matar tana gidan mahaifinta har yanzu, an ce sai wata mai zuwa za a cire filastar, a makon da za a koma kotu.